Ƙibar Mubaraka

Ciwon Mubaraka babba ne a cikin ɗakinta, amma kafin ya isa shagon magani sai ya ƙanƙance. Mijinta Garba ne ke ɗaukarsa a baki daga gida zuwa bakin kasuwar Dodoru, shi kuwa Garba ba mutum ne mai son dogon bayani ba.

Ranar da abin ya fara, tana sauke rabin gangar da take turara shinkafa ne ta ji wani abu ya ce ƙas a kwankwasonta. Sana'ar gidan ke nan. Garba ya sayo shanshera, shinkafar da ba a casa ba, daga fadamun Kalgo, ita ta jiƙa, ta turara, ta kwashe, ta shanya a tsakar gida, shi kuma ya kai inji ya sayar. A kasuwa ana yabon shinkafar Garba, wai ba tsakuwa ba karyewa. Ba a taɓa jin wanda ya ce shinkafar Mubaraka ba.

Ta daure har ta gama shanya, sannan ta zauna a bakin ƙofa ta jira shi. Da ya shigo ta yi masa bayani dalla-dalla.

"Malam, wanga ba irin ciwon bayan da nis saba ba na. Daga ƙugu shika tashi, shi bi cinya, shi sauka har yatsa. In na taka, ƙahwar kamar ba tawa ba. Ina son ka kai ni Kalgo a ɗauki hoton wurin. Ga Yaya Muhammad Sani can, ba mu rasa masauki."

"To," in ji Garba. "Bari in ga Dokta."

Dokta shi ne Ubaidullahi mai kyamis, saurayi mai tsabta da fara'a, wanda ya yi 'yan shekaru yana tsaron shagon wani a Birnin Kebbi kafin ya dawo ya buɗe nasa. Bai taɓa cewa shi likita ne ba, bai kuma taɓa hana a kira shi ba. Garba ya jingina da kanta ya ce, "Iyali ka hwama da ciwon jiki. Gajiya ta."

A ba Ubaidullahi haƙƙinsa, ya yi tambaya. Tana da gyambon ciki? Garba ya ce ba ta da komai. Tana da juna biyu? A'a. Sai ya jawo gwangwanaye ya fara haɗi: jan kafso, da rawaya, da wata mai ruwan hoda, da 'yan mitsi-mitsin farare guda biyu. Ya ƙulla kowane sha a 'yar leda, ba kwali ba suna.

"Sahe da dare, bayan ta ci abinci. In an kwana biyu ba sauƙi, a kai ta asibiti."

Garba ya kawo ƙullin gida. Maganar asibitin kuwa a kan kantar ya baro ta.

Maganin ya yi aiki, kuma wannan ita ce masifar. Da a ce ya ƙi, da wataƙila an tashi tsaye. Washegari Mubaraka ta farka ta ji ƙugun sakayau, ta hura wuta, ta ɗora ganga, har da 'yar waƙarta. Garba ya tsaya yana kallonta yana murmushi kamar shi ya ƙera ƙwayoyin.

"Kin gani? Da yanzu muna Kalgo muna bin layi."

Da ƙullin ya ƙare ciwon ya dawo, ya kuma dawo da fushi. Garba ya koma ya karɓo wani. Na biyu ya ƙare, aka karɓo na uku. Ubaidullahi ya sake ambaton asibiti sau ɗaya, daga nan ya daina, don ba a son mai shago ya cika wa'azi. Ya kai ga da ya hango babur ɗin Garba sai ya fara ƙulli tun kafin a yi sallama. Shinkafar damina ta ƙare, ta rani ta shigo, wutar gangar ba ta mutu ba. Shan safe da dare ya koma har da na rana, don idan azahar ta yi ƙafar sai ta fara ja.

A cikin haka ne Mubaraka ta fara ƙiba. Yunwa ta sa ta gaba, ta ci tuwonta ta kankare tukunya. Kumatunta suka ciko, fuskarta ta yi zagaye, wuyanta ya shige, wani tudu ya fito mata a doron wuya. Inno, mahaifiyar Garba, wadda ɗakinta ke kallon na Mubaraka, ita ce ta fara yin shela.

"Ku dibi yarinyar ga. Da anka kawo ta kamar sillen kara, yanzu ga ta sai ka wanke hannu ka taɓa. Garba ya iya riƙo, ubanshi yab biyo."

Inno ba muguwa ba ce. Tsohuwa ce da ta yi nata dakan da nata ɗaukar ruwan ba tare da an taɓa tambayarta inda ke mata ciwo ba, saboda haka a wurinta mace mai tafiya da ƙafarta lafiyarta lau. Idan Mubaraka ta yi nishi wajen tashi, sai ta ce, "Nauyin jiki na, ɗiyata. Daɗi yay yi miki yawa."

Mubaraka kaɗai ta san abin da zani ya rufe. Fuska da ciki suna kumbura, cinyoyi da damatsa suna zubewa. Fatar cikinta ta tsattsage da wasu layuka masu duhu, alhali ba ciki gare ta ba. Ƙofa ta ɗan goge ta sai wurin ya tara jini. Bakin ganga ya ƙona ta a hannu, ƙunar da a da toka da man shanu ke warkarwa, amma wannan ta zauna tana ruwa. Ga ƙishirwa, ga wuta a ƙirji duk sanda ta haɗiye ƙwayoyin. Bayan gidanta ya koma baƙi ƙirin, abin da ko a mafarki ba za ta iya furta wa namiji ba. Tsoro ya kama ta sosai, irin tsoron wanda ya ga jikinsa yana zama na wani.

Ta sake yi wa Garba maganar Kalgo, ba sau ɗaya ba. Amsarsa kuwa ba ta ƙarewa, kowace rana da irin tata. Yau an riga an jiƙa shinkafa, in aka bar ta za ta yi tsami. Gobe masu saye sun ba da buhunansu suna jira. Jibi a bari a ga bayan kasuwa. Wata rana da ta matsa, sai ya ajiye buta ya dube ta daga sama har ƙasa.

"Ke Mubaraka, ki ji tsoron Allah. In na kai ki haka, mi za ni ce musu? Asibiti na waɗanda ka kwance na. Dariya za su yi muna, su ce mun rasa abin yi. Kuma in sunka riƙe ki, wa ka tsayawa ga ganga? Inno?"

"Ko rana ɗaya, Malam. Ka aje ni ƙohwar asibitin in za ka hwadama, ka ɗauke ni in ka dawo."

"Ina za ni aza buhu in na goyo ki?"

Haka ne kuwa. Kusan kowane mako yana wuce ƙofar babban asibitin nan na Kalgo, amma bayan babur ɗin na buhu ne.

Da ta ga ba ta nan, sai ta nemi jininta. Wata maƙwabciya za ta suna Kalgo, Mubaraka ta riƙe mata hannu a zaure ta ce don Allah ta biya shagon ɗinkin yayanta Muhammad Sani, ta ce masa ƙanwarsa ba ta da lafiya, ya zo ya tafi da ita. Saƙon ya isa. Ranar Juma'a da hantsi aka ce ga baƙo daga Kalgo.

Inno ta leƙo da sauri. "Tashi ki yi wanka ki sa atamhwar salla. Kak ki bari ɗan'uwanki shi ishe ki cikin toka, a ce ba mu kula da ke."

Mubaraka ta tashi ta yi, har da kwalli, don haka aka tarbiyyantar da ita: ba a tarar dangi da kayan aiki, mutuncin gidan miji ne. Ta sha ƙullin rana don ta iya takawa zuwa tabarma ba tare da ta dafa bango ba. Da hannunta ta rufe duk wata shaida da take da ita.

Muhammad Sani ya shigo a firgice, riƙe da ledar busasshen kifi. Da ya gan ta sai ya ja ya tsaya, sannan ya fashe da dariya.

"Wagga ta mara lahiyar? Autar Inna, ina kika kai wuyanki? Ni da nib baro ɗinkin mutane, ashe daɗi ka kashe ki."

"Yaya, ba ƙiba ba ta."

"To mi ta?"

Ta rasa ta inda za ta fara. Garba na zaune a gefe, Inno na bakin ƙofa tana taunar goro. Ba za ta ɗaga zani ta nuna wa yayanta cinya ba, ba za ta yi zancen bayan gida a gaban maza biyu ba. Ta ce ƙugunta ne da ƙafarta, tun kaka, kuma ƙirjinta na ci da wuta. Ta ja hannun riga ta nuna masa ƙunar.

"Ganga ta," in ji Inno. "Wa ka aikin wuta bai ƙone ba?"

Garba ya gyara zama, muryarsa a sanyaye. "Yaya, gaskiya tana kukan ƙugu. Amma ka tambayi Dokta, tun randa yaf fara ban taɓa bari magani ya yanke mata ba. Ko ban ci ba sai na karɓo shi."

Wannan magana ta shiga Muhammad Sani. Ya girgiza kai, ya kama hannun Garba ya yi masa godiya. Da zai tafi Mubaraka ta raka shi zaure tana cije leɓe, ta ce a hankali, "Yaya, ka tahi da ni yau. Don Allah."

"Haba, ƙanwata. In ɗauke ki gaban mijinki da uwar mijinki, kina haka ɓul-ɓul, a ce mi? Ki gode ma Allah. Wasu mazan ko ƙwaya guda ba su saye. Ki daure, bayan salla in bai bari ba sai mu gani."

Ta tsaya a bayan labulen zaure har ƙarar babur ɗinsa ta ɓace. Ba ta yi kuka ba a lokacin. Sai da ta koma ta cire atamfar tana ninkewa, sannan hawayen suka zo.

Zafin bazara ya shigo, ƙafar ta fara ƙin ƙwayoyin. Wata safiya ta durƙusa hura wuta ta kasa miƙewa, ga shinkafa jiƙe cikin baho. Garba bai yi wata-wata ba, ya je ya ɗauko Ubaidullahi ya yi mata allura. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, ta fito lulluɓe da hijabi. Ranar ce mai maganin ya fara ganin wadda yake yi wa magani.

Mubaraka ta ga lokacin da fara'arsa ta ɗauke. Ya dubi fuskarta, ya dubi siririn damtsen da ta miƙo, ya dubi tabon jinin da ke kansa. Hannunsa ya tsaya da allurar.

"Tun yaushe taka shan haɗin ga?"

"Kai ka ba da shi, ni za ka tambaya?" in ji Garba yana dariya.

Ta yi ƙarfin hali ta ce, "Dokta, mi ac cikin ƙwayoyin?"

"Na ƙashi, da na jijiya, da na kumburi." Ya juya ga Garba. "Ina ganin a rage 'yan hwararen nan. Kuma da an kai ta an duba."

"Hwararen su ka aikin. Randa kam manta ba ka sa su ba, wuni ta yi tana jan ƙahwa. In sun ƙare gare ka ka hwaɗa mini, ga mai tallan magani a tire nan ranar kasuwa, har da masu ƙarhi yana da su."

Ubaidullahi ya mayar da idonsa kan allurar. Ya san abin da ya gani, ya san 'yan fararen nan ne ke kumbura fuska su cinye nama. Ya kuma san wani abu da ya fi wannan: wanda ya daɗe yana shan su ba ya yanke su farat ɗaya, sai a hankali, in ba haka ba jiki na iya zubewa gaba ɗaya. Faɗin wannan ba zai ɗauke shi numfashi biyu ba. Amma in ya faɗa, ya amsa ke nan cewa abin da yake ƙullawa tun kaka ba maganin gajiya ba ne. Sai ya lallashi kansa da cewa gara su saya a hannunsa da su faɗa hannun mai tire. Ya yi allurar, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya tattara jakarsa.

Mubaraka ta koma ɗaki da abu guda da ta tsinta daga fuskarsa: ƙwayoyin ne suka kumbura ta. Ta zauna tana juya abin. Ta faɗa da baki, ba a ji ba, domin duk wanda ta faɗa wa sai idonsa ya ƙaryata kunnensa. Maganin ne ke tsayar da ita a gaban ganga, shi ne kuma ke cika mata kumatu. To, in ta bar shi fa? Za ta rame, za ta kwanta, ciwon zai fito fili inda kowa zai gan shi, sannan dole a kai ta. Dabara ce ta wadda aka toshe wa kowace hanya, kuma ba wanda ya taɓa gaya mata abin da zai hana ta.

Daga ranar, duk ƙullin da Garba ya miƙo sai ta karɓa da hannu biyu, in ya juya baya ta jefa a wutar ganga.

Ciwon ƙugun ya dawo, wannan ta sa rai da shi. Abin da ba ta zata ba shi ne sauran. Gaɓoɓinta suka saki kamar an zare musu igiya. In ta ɗago kai sai tsakar gidan ya juya. Ta ci ta amayar, ta sha ruwa ta amayar. Ana tsakiyar zafi ita tana rawar sanyi, gumi na tsattsafo mata. Ta ɗauki madubi ta duba, fuskar na nan yadda take, ko alamar faɗawa ba ta yi ba.

Inno ta ce ciwon shawara ne, ta jiƙa mata saiwa. Garba kuwa ya tsaya a kanta ya ce, "Kin sha na sahe?"

Ba ta iya ƙarya ba. "Na bari, Malam. So nikai ku gani."

Ransa ya ɓaci, ɓacin ran mutumin da yake ganin an raina ƙoƙarinsa. "To ga shi nan mun gani. Kina shan magani kina lahiya, kin bari kin kwanta. Wa yaj ja? Ke kij ja ma kanki." Ya fita ya karɓo sabon ƙulli, ya tsaya sai da ta haɗiye. Bai kai ƙofa ba ta dawo da shi, da wani baƙin abu kamar dusar gawayi.

"Gobe in ba sauƙi mu tahi," in ji shi. "Bari dai a kwashe wagga da ta sha iska."

Washegari da hantsi ya tafi neman buhuna. Hadari ya taso daga gabas, na farko a shekarar, ga shinkafa baje a kan tamfol. Inno ta yi ta kiran a zo a kwashe. Mubaraka ta ji, ta dafa bango ta fito, domin hannun da ya saba ba ya iya kallon shanya ta jiƙe. Ta sunkuya ta kama bakin tamfol ɗin, ta tafi gaba ɗaya ta kife a kan shinkafar.

A motar da aka yi shata don kwasar shinkafa aka sa ta, a kan buhunan da ba a cika ba. Inno ta tallafe mata kai. Wani wuri a hanya Mubaraka ta buɗe ido, ta ga sama na gudu, ta ce, "Ina za mu?"

"Kalgo, ɗiyata."

Sai ta ji daɗi. Abin tausayi ne, amma gaskiya ne, daɗi ta ji har cikin ranta, don a ganinta dabararta ta ci.

A asibiti ba a yi musu dariya ba. Ma'aikata suka karɓe ta da gudu, aka ɗaura ruwa, aka nemi jini. Likitar, wata mace mai gilashi, ta dubi fuskar, ta ja labule ta duba jikin, ta fito ta tsaya gaban Garba.

"Wane magani take sha?"

"Na ciwon jiki. Akwai ja, akwai rawaya, da 'yan hwarare."

"Sunansu nake tambaya."

"Ba su da suna, haɗi na."

"Tun yaushe ba ta da lafiya?"

"Shekaranjiya ɗai yaf fara. Lahiyarta lau, magani ɗai tab bari."

Mubaraka tana jin su ta bayan labule. Ta tattara abin da ya rage mata ta motsa baki. Likitar ta dawo ta sunkuya ta kara kunne.

"Tun kaka," in ji Mubaraka. "Ƙuguna. A ɗauki hoto."

"Na ji ki," in ji likitar. "Na kuma yarda. Bari jininki ya hau tukuna, za a ɗauka."

Wannan ce kalmar da ta yi wata da watanni tana nema, ta kuma same ta a bakin baƙuwa. An yi iya abin da za a iya, jinin bai hau ba. Kafin la'asar Mubaraka ta cika. Muhammad Sani ya iso daga shago da zare a wuyansa, ya tarar an lulluɓe ta da zani.

A Dodoru aka yi mata sutura. Inno ce ta shiga wanka, ita da wata dattijuwar unguwa mai suna Zulai wadda ta saba da wannan aiki. Da suka yaye zanin, Inno ta tsaya da moɗa a hannu. Ta ga cinyoyin da ba su fi damtsenta kauri ba. Ta ga cikin da ya tsattsage, da tabon jini birjik, da ƙugun da ya karkace gefe guda. Wannan jikin ne ya yi ta wucewa ta ƙofar ɗakinta da baho a ka, tana yi masa kirarin ƙiba.

"Zuba ruwa, Inno," in ji Zulai a hankali. "Kin dai sani, abin da anka gani wurin wanka, nan shika tsayawa. Amana ta."

Inno ta sani. Ta zuba ruwan.

Ranar sadakar uku tsakar gidan ya cika da mata, a daidai inda ake shanya. Zance ɗaya ne ke zagayawa: mutuwar farat ɗaya, mace da ƙibarta da kyanta, ana ganinta jiya yau babu. A waje Ubaidullahi ya zo ya yi gaisuwa da ladabi, ya zauna can ƙarshen tabarma, bai daɗe ba ya tashi, wai ya bar shago ba kowa.

Da rana ta yi sanyi Garba ya shigo da Muhammad Sani ya gai da Inno. Suka durƙusa a gabanta. Muhammad Sani idonsa ya yi ja, amma yana ƙoƙarin ba kowa haƙuri, har da kansa.

"Sai haƙuri, Inno. Ni da idona nig gan ta kwanan baya, ɓul-ɓul da ita. Allah ya yi mata gata, bai wahalshe ta ba. Ko kwanciya ba ta yi ba."

Mata suka amsa da haka ne, haka ne. Inno ta yunƙura za ta yi magana. Zulai ta lura da bakinta, ta miƙa hannu ta taɓa mata gwiwa.

"Bar ni, Zulai. Ba ni hwaɗin abin da nig gani. Abin da nij ji da kunnena nika hwaɗi, wannan ba amana ba ta." Ta dubi mazan biyu. "Ta yi ciwo. Tun kaka taka hwaɗi. Ta hwaɗa mini, nic ce daɗi na. Ta hwaɗa ma wanga, yac ce bayan kasuwa. Kai ma ta hwaɗa maka a zaure, ina jin ku, kac ce bayan salla. Ba kwanciya tar rasa yi ba, hana ta munka yi."

Wata daga baya ta ce zafin rashi ne, a yi wa tsohuwa uzuri. Wata ta ce a yi salati. Garba ya sunkuyar da kai ya ce, "Inno, kwana ya ƙare. Ni dai Allah ya sani ban taɓa barin ta ba magani ba."

Muhammad Sani ya jira aka shafa addu'a. Sannan ya juyo ga surukinsa, ba da faɗa ba, da muryar mai son ya riƙe wani abu na ƙanwarsa ko yaya yake.

"Garba, ta ce mini ƙahwa, ban tsaya na ji ba. Wace ƙahwa ta?"

Garba ya buɗe baki. Ya dubi ƙafarsa ta dama, ya dubi ta hagu. Tun kaka yake sayen maganin ciwon nan, bai san amsar ba.